Kasuwar masu nema wa mutane aiki a Damagaram: ina ta dosa baɗi?

Duk wanda ya ga yawan samarin da ke wuni a fada, wato majalisar hira, tun daga Birni har Zango, Garin Malam da Kara-Kara, zai ɗauka babu sana'ar da ta kai ta nema wa mutane aiki ciniki a Damagaram. Jihar nan ce ta fi kowace yawan jama'a a Nijar. Ƙidayar 2012 ta ba ta mutum sama da miliyan 3 da rabi, kuma tun daga lokacin ƙaruwa ake yi. Jami'ar André Salifou tana yaye ɗalibai kowace shekara, makarantun kiwon lafiya na gwamnati da na kuɗi suna yaye nasu, cibiyoyin koyon sana'a ma haka. Kowa da dosiyensa a hannu. Sai dai wannan lissafin a baibai yake. Mai wannan sana'a ba yawan masu nema ke ciyar da shi ba, yawan masu ɗauka ne. Idan masu nema suka yi dubu, mai ɗauka ɗaya ne, to abokin cinikinsa ɗaya ne tak. Saboda haka duk mai son sanin yadda baɗi za ta kasance musu, aljihun masu ɗauka zai duba.

Masu sana'ar kuma ba iri ɗaya ba ne. A sama akwai ANPE, hukumar samar da aiki ta gwamnati, wadda ke da reshe a nan, inda mai neman aiki ke yankar kati, inda kuma ake son mai ɗauka ya kai sanarwar gurbin da yake da shi. Ita ba kasuwanci take yi ba. Bayanta akwai ofisoshi masu zaman kansu da ke aiki da izinin hukuma, waɗanda manyansu a Yamai suke zaune, a nan sai wakili ko ɗan ƙaramin biro. Hanyar cinsu biyu ce: ko su tace mutane su miƙa wa kamfani su karɓi ladansu sau ɗaya, ko su ɗauki ma'aikacin da sunansu su tura shi aiki wani wuri, su ke biyansa albashi, wancan wurin yana biyansu. Kamfanonin gadi da na shara a wannan sahu na biyu suke, haka ƴan kwangilar da ke kai lebura wurin gini. Can ƙasa kuma, inda jama'a suka fi yawa kuma takarda ba ta zuwa, akwai matar da ke kawo ƴan mata daga ƙauye aikatau, da ɗan kamashon tasha da ya san motar da za ta tashi Agadas da wanda zai karɓi yaro a wurin haƙar zinariya na Jado, da dillalin da ke alkawarin biza zuwa Saudiyya. Dukansu abu ɗaya suke sayarwa, wato haɗa mai ƙarfi da mai kuɗi. Amma shekara ba za ta zo musu da fuska ɗaya ba.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ke raba su gida biyu. A 2015 Nijar ta amince da yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta shafi ofisoshin samar da aiki masu zaman kansu. Tushenta shi ne mai ɗauka ke biyan lada, ba mai nema ba. Wanda ya tsaya kan wannan, arzikinsa a ɗaure yake da na kamfanoni da ƙungiyoyi: su buɗa ya buɗa, su tsuke ya tsuke. Wanda kuwa ke cin kuɗin dosiye da kuɗin rajista da kuɗin hanya daga hannun mai nema, shi tsanani ma kasuwa ce a wurinsa. A ganina wannan ne zai fi komai tasiri baɗi, domin alamu sun nuna masu ɗauka na raguwa, masu nema na ƙaruwa, kuma a irin wannan shekara ce mutumin kirki ke fara tunanin juyawa kan wanda ya zo masa da buƙata.

Babban abokin cinikin ofisoshin gaskiya a jihar nan, shekara da shekaru, ƙungiyoyin agaji ne da furoje-furojen raya karkara. Tun yunwar 2005 suka yi sansani a Damagaram. Ƙungiyar likitoci ta MSF tun wannan shekarar take Magarya, inda asibitin yara ke cika maƙil duk damina saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa, a kuma ƙara ma'aikatan wucin gadi na ƴan watanni. Daga baya manyan shirye-shirye irin su Girma a Magarya da Dungas, da Wadata a yankin Damagaram Takaya da Gidimuni, suka zo da kuɗin hukumar USAID ta Amurka. Abin da ya sa masu sana'ar nan ke son irin waɗannan ba ɓoyayye ba ne. Suna ɗauka rukuni-rukuni: masu zagayen tambayoyi, masu wayar da kai, direbobi, ma'aikatan jinya, masu kula da ma'aji, akawun kuɗi. Suna rubuta kwantiragi. Suna biya a kan kari, abin da ba kowane abokin ciniki ake samu da shi ba.

Wannan kasuwa ta sha duka sau uku a jere. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Faransa da Tarayyar Turai suka dakatar da tallafin da suke ba gwamnati. A Janairun 2025 sabuwar gwamnatin Amurka ta tsayar da kuɗin agajin ƙetare, zuwa tsakiyar shekara kuma aka rushe USAID ɗungurungum. A cikin gida ma hukumomi sun ƙara matsa sa ido: a Nuwamban 2024 aka janye wa ƙungiyar agaji ta ACTED izini, a Fabrairun 2025 aka nemi ƙungiyar agaji ta ICRC ta tattara ta bar ƙasar. Ƙasashen Turai da ake cewa za su cike giɓi su ma rage kasafin agajinsu suke yi. Ingila ta riga ta sanar da rage nata daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na arzikin ƙasa. Kowa yana da ra'ayinsa kan dogaro da agajin waje, ni ma ina da nawa, kuma ba na jin ƙasa za ta ginu a kansa. Amma maganar da muke yi ta ciniki ce, kuma a cinikance babban mai saye ya tashi daga kasuwa, babu alamar zai dawo baɗi yadda yake da.

Ɓarnar ba a rasa abokin ciniki kaɗai ta tsaya ba. Furoje ɗaya idan ya rufe, gidan da yake haya ya koma kango, motocin da yake haya sun tsaya, masu gadin ƙofar gidan da na ma'ajin sun koma wa kamfaninsu ba wurin tura su. Sannan ga wani abu da ba a cika lura da shi ba: kasuwa ta cika da ƙwararru. Akawun da ya yi shekara goma yana riƙe littafin babbar ƙungiya yanzu layi ɗaya yake bi da yaron da ya fito jami'a bara. A ido kamar wannan alheri ne ga mai tace mutane, tunda ya samu kaya masu kyau. A zahiri akasin haka ne. Mai gurbi ɗaya da ya san mutum biyar da suka iya aikin, kuma duk suna zaune a gida, ba ya buƙatar biyan kowa ya nemo masa. Waya zai ɗauka ya kira. Ana biyan mai nemowa ne idan abin da ake nema yana da wuyar samu.

Abin da ya rage a wannan gefe shi ne ayyukan da Bankin Duniya ke zuba wa kuɗi ta hannun gwamnati, da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da su ma aljihunsu ya sha iska, da ƙungiyoyin cikin gida da ake miƙa wa aiki. Manyan guraben irin waɗannan a Yamai ake shelarsu, a can ake zaɓen ofishin da zai tace. Ɗan Damagaram sai dai a ba shi ɗan yanki na aikin.

Gefen da ake sa wa rai shi ne na man fetur, kuma akwai dalili. Matatar mai ta SORAZ, kimanin kilomita 50 arewa da gari kan hanyar Tanut, ta fara aiki a Nuwamban 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a rana. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke da kashi 60, Nijar 40. Bututun da ya taso daga rijiyoyin mai na Agadem zuwa gaɓar teku a Seme ta Jamhuriyar Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya ratsa jihar nan, kuma a Mayun 2024 aka yi wa jirgin farko lodi. A nan sai an yi hattara da wani ruɗi. Lokacin shimfiɗa bututun ne aka ɗibi dubban mutane: masu haƙa, masu ɗauka, direbobi, masu dafa abinci. Wannan zamani ya wuce. Bututun da aka gama ba ya buƙatar taro, ƴan ƙalilan ne masu ilimin aikin ke kula da tashoshinsa, sai masu tsaro. Ɗan kwangilar da ya ci kasuwa a 2021 da 2022 yana jiran irin waccan shekara ta dawo, zai daɗe yana jira, sai fa in an ɗauko wani sabon babban gini.

Ƙofar da ta buɗe daban ce. A 2024 gwamnati ta fitar da doka kan ba ƴan ƙasa da kamfanonin ƙasa fifiko a harkar ma'adinai da mai. A Maris ɗin 2025 ta kori shugabanni uku ƴan ƙasar Sin na CNPC da SORAZ da kamfanin bututu na WAPCO daga ƙasar, kuma cikin dalilan da aka bayar har da ratar albashi tsakanin baƙi da ƴan gida. Bayan watanni biyu ma'aikatar mai ta nemi baƙin da suka wuce shekara huɗu suna aiki su koma. Dama can dokar ƙwadago ta 2012 ta ce kwantiragin baƙo sai ya samu amincewar hukumar samar da aiki, manufar kuwa ita ce kada a kawo wani daga waje a gurbin da ɗan ƙasa zai iya. Abin da ya canza shi ne yanzu ana nuna da gaske ake. Duk kujerar da baƙo ya tashi a kai, wani za a nema ya zauna.

To wa za a nema? Ba mai digirin shari'a ko na ilimin zamantakewa ba, waɗanda su suka fi yawa a cikin dosiyen da ke jibge a ofisoshi. Mai walda ake so wanda aka gwada shi kan bututun da ke ɗaukar matsi, da mai gyaran na'urorin awo, da mai lantarkin masana'anta, da ma'aikacin ɗakin gwaji, da jami'in kiyaye haɗari, da direban ƙatuwar na'ura mai takardar tuƙa ta. Matsalar Damagaram a nan take, kuma ta daɗe: masu hannu ba su da takarda, masu takarda ba su da hannu. Akwai masu walda a garin nan da suka shekara ashirin suna ɗinke tankokin mota da ƙarafan gini, aikinsu ba ya tsiyaya, amma ba su da wata shaida da injiniya zai gani ya sa hannu. Akwai kuma yaran da suka fito makarantar fasaha da sakamako mai kyau, ba su taɓa kwana ɗaya a cikin masana'anta ba. Wurin da ake tace mai kuwa ba a shiga da wa-ka-sani kaɗai, domin kuskuren mutum ɗaya gobara ce.

Wannan shi ne wuri ɗaya da na ga mai nema wa mutane aiki zai iya cin halalinsa da kyau baɗi, saboda a nan ne kaɗai abin da ake nema yake da wuyar samu. Amma aikin ba na zama a biro ba ne. Sai ya shiga garejoji da wuraren walda ya san waye waye, ya nemi inda za a gwada su a ba su shaida, ya bi asusun FAFPA da ke tallafa wa koyon sana'a da cibiyoyin horo, ya nemo ƴan jihar da suka yi aiki a Agadem ko a mahaƙan Arlit suka dawo gida. Wannan yana cin kuɗi da lokaci kafin ya kawo ko dala. Ga shi manyan kwangilolin a Yamai ake sa musu hannu, kuma ofishin da ke can ya fi kusa da teburin. Abin da ɗan gida ya fi shi da shi ɗaya ne, sanin mutane. In bai mayar da wannan sanin ya zama jeri a rubuce ba, mai sunaye da abin da kowa ya iya da shaidarsa, zai ƙare a kai lebura da masu gadi kamar kullum, ladan ƙwararru ya wuce ta kansa.

Shi ma wannan gefen ba tabbas gare shi ba. A Yunin 2024 an fasa bututun a yankin Taskar, cikin jihar nan, kuma ba shi ne hari na ƙarshe ba. Rikicin Nijar da Benin ya taɓa tsayar da fitar da man na wani lokaci. Dangantakar gwamnati da CNPC tana da nauyin bashi a kanta, tun dala miliyan 400 da kamfanin ya ba da a matsayin kafin-alƙalami a Afrilun 2024. Duk ranar da mai ya tsaya, ma'aikacin da aka fara cewa ya huta a gida shi ne na haya, wanda ofis ya kawo.

Masu ba da ma'aikata haya, musamman kamfanonin gadi da shara, su ba rashin aiki ne zai fi damunsu ba. Banki, asibitin kuɗi, gidan mai, ma'ajin ɗan kasuwa, duk suna son mai gadi, halin tsaro ma ya ƙara sa ana so. Ciwonsu kuɗin hannu ne. Daga Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000, ƙarin kusan kashi 40 cikin ɗari. Ƙari ne da ya dace, ya ma makara, tunda tsohon adadin tun 2012 yake tsaye. Amma abokan ciniki da yawa ba su yarda an ɗaga farashin kwangila daidai da shi ba. A ɗauka kamfani yana da masu gadi 50 a kan jika 42. Albashi kaɗai miliyan 2 da jika 100 ne a wata. A ɗora kason da mai ɗauka ke zubawa a CNSS, asusun fansho da tallafin ma'aikata, wanda ya haura kashi 16 cikin ɗari, ga kaki, ga takalmi, ga mai zagayen dare da babur ɗinsa. In abokin ciniki ya yi jinkirin wata uku, mai kamfanin sai ya nemo sama da miliyan 7 daga wani wuri. Jinkirin wata uku kuwa ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa yi wa ma'aikatar gwamnati aiki, balle a shekarun nan da baitulmali ke fama da kuɗin tsaro. Bankuna ma tun takunkumin ECOWAS, wanda aka ɗage a Fabrairun 2024, suka ƙara riƙe hannu.

Mai kamfanin da ba shi da wannan jari ya san inda zai matse, kuma kullum wuri ɗaya ne. Ya jinkirta albashi. Ya ƙi rubuta ma'aikaci a CNSS, ko ya cire kason ma'aikacin bai kai ba. Ya sa mutum ɗaya ya tsare ƙofar da ta kamata a ce mutum biyu ne ke karɓa-karɓa. Da haka yake iya karya farashi a wurin neman kwangila, ya kayar da wanda ke biyan komai bisa ƙa'ida. Wannan abu yana ci mini rai, domin mai gadin da ya tsufa a bakin ƙofar wani, ranar da ƙafa ta gaza ya je neman fansho ya tarar babu sunansa a ko'ina, ba shi da wata shekara ashirin da zai sake. Hasashena shi ne baɗi ƙananan kamfanoni da dama za su rufe ko su faɗa hannun manya masu ƙarfin jira, kuma yawan abin da za a danne wa ma'aikata zai danganta ne da ƙarfin sufetocin ƙwadago, waɗanda ba su da yawa in aka dubi faɗin jihar, daga Dungas har Taskar.

Ɗaukar da gwamnati ke yi, ta soja da jandarma da ƴan sanda da malaman kwantiragi da ma'aikatan lafiya, ba ta bi ta hannun kowane ofis. Duk wanda ya ce yana da gurbi na sayarwa a can, ɓarawo ne. Tasirinta a kan sana'ar kaɗan ne: tana janye samari masu ƙarfi da ɗan karatu daga kamfanonin gadi.

Inda kasuwa za ta ci sosai baɗi, kuma inda na fi jin tsoro, shi ne wajen dillalan hanya. Ci-rani a Damagaram ba sabon abu ba ne. Da an gama girbi ake ɗaure kaya. Kano tana nan kimanin kilomita 240, kuma tun kaka da kakanni kudu aka fi dosa. Abin da ya jirkita lissafin shi ne faɗuwar naira. A tsakiyar 2023 dalar Amurka a hukumance ba ta wuce naira 460 da wani abu ba. A 2024 ta haura 1,500. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Mai ga-ruwa ko mai shayi ko mai gadin da ya wuni a Kano ko Legas yana tara naira, in ya zo canji sai ya ga wahalar shekara ta narke a tafin hannunsa. Don haka ido ya koma arewa: Libiya, Aljeriya, da wuraren haƙar zinariya na Jado da Cibarakaten da suka buɗe tun 2014. A Nuwamban 2023 gwamnati ta soke dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, motoci suka dawo tashi a fili daga Agadas. Ban ga laifin fitowa fili ba, domin ɓoyon da waccan doka ta jawo ya tura direbobi hanyoyin da babu rijiya. Amma ɗaukar mutum a mota daban, yi masa alkawarin aiki a ƙasar da ba ka da ikon komai daban.

Hanyar arewa tana mayarwa kamar yadda take ɗauka. A 2024 kaɗai mutum sama da 30,000 Aljeriya ta koro ta Asamaka da ke bakin iyaka, bisa ƙidayar ƙungiyar Alarme Phone Sahara. Da yawansu ana sauke su ne a fili su taka kusan kilomita 15 cikin rairayi. A Janairun 2025 sama da ƴan Nijar 600 aka kwaso daga Libiya aka sauke a Dirku. Mutanen Kance da Matamai ba sa buƙatar a tuna musu Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawa 92 kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da ƙananan yara ƴan yankinsu. Mutum zai zaci irin wannan labari yana kashe kasuwar dillali. Ba ya kashewa, saboda shi tun kafin mota ta tashi ya karɓi nasa. Wanda aka koro ya dawo da bashin gonar da ya jinginar ko akuyar da aka sayar masa, kuma hanya mafi sauri da yake gani ta biyan bashin ita ce ya sake komawa. Dillali ya ci sau biyu a kan mutum ɗaya.

Haka zancen ƙasashen Larabawa. Matar da aka ce mata ta je da bizar umara ta ɓace a can ta kama aikatau, ba a nema mata aiki ba, an jefa ta ne a halin da ba za ta iya kai ƙara ba. Wadda ta tafi da bizar aiki ma tana ƙarƙashin kafili, sau da yawa fasfonta a hannunsa. Tambayoyin da za su tsirar da ita ba su da wuya: ina izinin wannan ofis, waye mai gidan da sunansa da garinsa, ina kwantiragin a harshen da za a karanta mata ta gane, nawa ne albashin, wa zai biya kuɗin jirgin dawowa. Dillalin da ya fusata saboda an tambaye shi waɗannan, bai kamata a ba shi ko sisi ba.

Masu kawo ƴan aikatau cikin gari su damina ce ke yanke musu hukunci. In hatsi ya yi, iyaye kan riƙe ƴaƴansu. In ya gaza, sai a ga ƴan mata suna sauka a tasha tun kafin sanyi ya shiga. Bana akwai ƙarin wani abu: gidajen ma'aikatan furoje da ke biyan ƴar aiki da ɗan dama sun ragu, saboda haka ladan zai ƙara faɗuwa. Doka ta hana sa yaron da bai kai shekara 14 ba aiki, dokar 2017 kuma ta nemi a riƙe yarinya a makaranta har 16, amma wannan kasuwa a zaure da bayan gida ake ƙulla ta, inda sufeto ba ya shiga.

Wayar hannu ta riga ta kashe rabin abin da tsofaffin masu sana'ar ke sayarwa. Da, sanin cewa ana ɗauka a wuri kaza shi kansa kaya ne mai kuɗi. Yau sanarwa kan fito da safe, kafin azahar ta zagaye duk rukunonin WhatsApp na ɗalibai. Tare da ita ake yaɗa na ƙarya, masu tambarin wata babbar ƙungiya da lambar da za a aika jika biyar ta dosiye. Irin waɗannan za su ƙaru baɗi, tunda ba sa buƙatar biro ko izini, sai waya da mutanen da suka gaji da jira. Rabin da waya ba ta kashe ba shi ne lamuni. A kasuwar dabbobi kowa yana ganin saniya da idonsa, amma ana biyan dillali la'ada saboda shi ke tsayawa cewa ba ta sata ba ce, kuma gobe in magana ta taso an san inda za a same shi. Abin da kamfani zai biya a kansa ke nan: wani ya ce na gwada wannan mutum, na bincika takardunsa ba na jabu ba ne, na kira inda ya yi aiki a baya, in ya gudu cikin wata uku zan kawo wani ba tare da ƙarin lada ba.

Masu ofis da ke son sanin inda shekarar za ta karkata tun kafin ta yi nisa, akwai abubuwan da za su iya sa wa ido ba sai an faɗa musu ba. Ko baitulmali ya fara biyan ƴan kwangila basussukansu a watannin farko. Ko an buɗe iyakar Benin mai ya ci gaba da fita ba tsaiko. Ko dokar fifita ƴan ƙasa ta sauko daga takarda ta zama sanarwar gurbi mai suna da ranar rufewa, kuma ko za a shelanta ta a reshen ANPE na Damagaram ko a Yamai kaɗai. Yawancin kamfanoni da ƙungiyoyi a ƙarshen shekara suke rufe kasafinsu, a farkon sabuwa suke sabunta kwangilolin ƙwadago. Wanda ke da niyyar gabatar da masu walda ashirin da aka gwada aka ba shaida, a lokacin sanyin nan ya kamata a ce yana zagayen garejoji da neman wurin gwajin, domin horo mafi gajarta ma yana cin makonni, kuma ranar da sanarwa ta fito kwanaki kaɗan ake bayarwa a kawo sunaye.